Shawara nake nema: zagayen tafkunan arewacin Mishigan da motar kwana, da Hajiya a ciki

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ya sanyi? Shawara nake nema, kuma bayanin da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. In Allah ya yarda mahaifiyata za ta zo mana daga Zariya a watan Yuni, za ta yi wata uku. Wancan zuwan nata daga falo sai kicin sai masallacin Juma'a. Ranar da na kai ta filin jirgi ta ce min, "To, Amurkar taku dai na ga titi, na ga kanti." Maganar nan har yau tana raina. Wannan karon so nake in nuna mata ruwa. Ban da tekun Jidda da ta hango ta tagar mota, ba ta taɓa tsayawa a bakin ruwan da ya wuce kogin Galma ba.

Niyyata in yi hayar motar nan ta RV mai gado da kicin da banɗaki, mu tashi daga Kolumbus ta jihar Ohayo a farkon Agusta, kwana tara. Mu tsallake gadar Mackinac zuwa arewacin Mishigan, mu shiga tsibirin Mackinac, mu je Sault Ste. Marie, Tahquamenon, Pictured Rocks, Marquette, Copper Harbor, duwatsun Porcupine, in da hali ma mu leƙa Kanada. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku (shekara 11, 8 da 4), sai Hajiya, shekararta 68, tana fama da gwiwa. Ban taɓa tuƙa irin motar ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Maraɗi:
Wa'alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya, ya sa ka gama da mahaifiya lafiya. Amma ɗan'uwa, abin da ka lissafa tafiyar sati uku ce, ba kwana tara ba. Babbar mota nake tuƙawa, na bi hanyar nan sau da yawa da kaya. Daga Kolumbus zuwa gadar kaɗai ya haura mil 450. In ka haɗa da Copper Harbor da Porcupine ka dawo gida, kana maganar wajen mil 1,800. Motar kwana mai tsawon ƙafa 28 ko 30 tana cin galan ɗaya a mil takwas zuwa goma, wato kusan galan 200 na fetur ke nan, ban da kuɗin da masu haya ke caji kan kowane mil da ka ƙara. Kuma awa huɗun da waya ta nuna maka, a wannan mota da yara da tsohuwa, awa shida ne.

Abban Sadiq:
Na gode Malam. To lasisi fa? Nawa na ƙaramar mota ne.

Ɗan Maraɗi:
Ya isa. Waɗanda ake bayarwa haya nauyinsu bai kai fam 26,000 ba, ba sa buƙatar lasisin manyan motoci. Abin da za ka koya uku ne: tsayinta, faɗinta, da wutsiyarta. Ka rubuta tsayin a takarda ka manna kusa da sitiyari, yawanci wajen ƙafa 12 ne, don rumfar gidan mai da reshen bishiya ba sa sallama. In za ka sha kwana ka buɗe sosai, bayanta yana sharo gefe. Ribas kuwa kada ka taɓa yi sai uwargida ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi. Ranar da ka karɓi motar ka nemi filin babban kanti da babu kowa, ka yi awa guda kana juyi.

Hajiya Binta:
Ni fa ban goyi bayan motar kwanan nan ba ko kaɗan, kuma zan faɗi dalili. Aikin jinya nake yi, tsofaffi nake dubawa kullum. Mai ciwon gwiwa za ta riƙa hawa matakala biyu zuwa uku masu tsayi duk shiga duk fita. Banɗakin ciki ko juyawa da ƙyar ake yi. Sannan ku yi tunanin kunya. Hajiya surukar matarka ce, kai ɗanta ne, a ce labule kaɗai ya raba makwancinku har kwana tara? Dattijuwar Zariya ba za ta ce maka ta takura ba. Shiru za ta yi, ta rage cin abinci da shan ruwa don kada ta yawaita shiga banɗaki kowa na ji, kuma wannan shi ne abin da ke kwantar da tsoho. Ka ɗauki babbar motar iyali, ka kama gida mai ɗaki biyu a bakin ruwa a wuri biyu, an gama.

Maman Iman:
Anti Binta, maganarki ta kunya gaskiya ce, ban musa ba. Amma mu mun yi da tawa mahaifiyar bara waccan, daga Minneapolis muka gangaro ta Duluth, kuma abin da ya cece mu shi ne motar. A wannan yanki sai ki yi tafiyar awa guda ba ki ga wurin da mace za ta kama ruwa cikin sutura ba. Tsakanin Seney da Shingleton akwai mil 25 miƙaƙƙe ɗoɗar, daji hagu daji dama. Da motar, ko'ina lokacin salla ya yi sai mu tsaya, ta yi alwala da ruwan ɗumi, ta miƙe ƙafa a gado. Abincinta na firij, maganinta na firij. Maganin kunyar kuwa mai sauƙi ne: muka bar wa Inna gadon baya mai ƙofa ita da jikarta, maigida da yara maza suka kafa tanti a gefen motar. Kowane fili a zangon gwamnati ana iya kafa tanti kusa da mota, a dai duba ƙa'idar wurin. Da dare kuma kowa ya tafi banɗakin zango, na cikin mota na Inna ne ita kaɗai.

Hajiya Binta:
To in haka za a yi, da sauƙi. Amma ya nemi mota mai gado a ƙasa a baya, ba wanda ake hawa da tsani a saman direba ba. Kuma ya sayi ɗan benci na ƙafa ya riƙa ajiye mata a ƙofa.

Injiniya Nura:
Salam. Shekara biyar na yi karatu a Michigan Tech da ke Houghton, don haka yankin nan kamar gida ne a wurina, kuma zuciyata na son in ce ka je Copper Harbor. Hanyar kan dutsen Brockway da yamma, tafkin Superior shimfiɗe a ƙasanka, abu ne da ba ya fita a rai. Amma daga Marquette zuwa Houghton mil 100 ne, daga nan zuwa Copper Harbor kusan 50, sannan ka dawo ta inda ka bi. Da tsohuwa ban ba ka shawara ba. Ka bar yamma gaba ɗaya sai wata shekara. Gabashin yankin ya ishe ku.

Ga yadda zan yi da ni ne. Kwana biyu a Straits State Park da ke St. Ignace, inda ake ganin gadar daga bakin ruwa, fitilunta na haskawa da dare. Daga nan ku shiga jirgin fito zuwa tsibirin Mackinac, wanda mutanen wurin ke kira Makino. An hana mota a tsibirin tun 1898, sai doki da keke da ƙafa. Hajiya ta hau keken doki, yara su yi hayar keke, zagayen tsibirin mil takwas ne kawai. Mutumiyar Zazzau ta ga gari guda da doki ke ɗaukar kaya da mutane a tsakiyar Amurka, ai za a sha labari in ta koma.

Sai Tahquamenon kwana biyu. Babbar magangarar faɗinta ƙafa 200, zurfin faɗuwar kusan ƙafa 50, ruwan kuma ja-ja kamar shayin da ba madara. Ba datti ba ne, sinadarin itatuwan fadama ne ke rina shi, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Daga wurin ajiye mota akwai hanya mai kwalta zuwa inda ake hangowa, ba sai ta sauka matakalar nan kusan ɗari ba. Garin da ke kusa sunansa Paradise, daga can kuma Whitefish Point ba nisa, inda gidan tarihin jiragen da suka nutse yake. A nan ƙararrawar jirgin Edmund Fitzgerald take, wanda ya nutse ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, ba wanda ya tsira. Ka kai yaran su gani, za su san cewa wannan ruwa ba abin wasa ba ne.

Baba Alhaji na Bronx:
Yaro, wannan tafkin har ya kai girman da jirgi zai nutse a rasa mutane? Ni Volta na sani a Gana, shi ma ba ƙarami ba ne.

Injiniya Nura:
Ranka ya daɗe, Superior ya kai murabba'in kilomita 82,000, babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi a duniya. Tafkin Chadi a shekarun 1960, lokacin da yake cike, wajen 25,000 ne, wato wannan ya ninka shi fiye da sau uku. Volta kuwa kusan sau goma. In ka tsaya a bakinsa ba ka ganin ɗaya gaɓar, igiya na dukan duwatsu kamar teku, amma ka ɗiba ka ɗanɗana babu gishiri. Mutanen Ojibwe, waɗanda suka riga Turawa zama a wurin kuma har yanzu suna nan, suna kiransa Gichigami, babban ruwa.

Baba Alhaji na Bronx:
Allahu Akbar. Ikon Allah sai kallo. Ka kai ta, yaro. Ni tawa ta rasu ban kai ta ko'ina ba.

Abban Sadiq:
Allah ya jiƙanta da rahama, Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Amin.

Injiniya, na ji batun yamma, na haƙura da Porcupine. Amma Kanada fa? Ga ta nan tsallaken kogi.

Hajiya Binta:
Cire Kanada daga lissafi. Kai da ke da katin zama na dindindin za ka iya shiga da fasfo da katinka, yaran da aka haifa a nan ma haka da nasu fasfon. Hajiya kuwa da fasfon Najeriya sai ta nemi bizar Kanada daban, ta Amurka ba ta shigar da ita. Ga kuma batun sake shigowa. Kada ka jefa tsohuwa cikin tambayoyin bakin iyaka saboda yini ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ƙari a kan maganar Hajiya Binta: babbar hanyar I-75 a Sault Ste. Marie kai tsaye take ƙarewa a kan gadar shiga Kanada. Ka buɗe ido ka fita a mafita ta ƙarshe da aka rubuta, don in ka hau gadar da wannan doguwar mota babu wurin juyawa. Kuma duk yankin kusa da iyaka ne, kowa ya riƙe takardunsa na asali a jaka ɗaya, ba hoto a waya ba.

Ita kuma gadar Mackinac, mil biyar ce, tun 1957 take aiki. Layin tsakiya ƙarfe ne mai huji-huji, taya na kuka a kai, mota na ɗan rawa, kana iya hango ruwa a ƙasa. Ka kama layin dama mai kwalta, ka tafi a hankali. In iska ta yi ƙarfi suna sa dogayen motoci su rage gudu sosai, wani lokaci su jira rakiya, wani lokaci a tsayar da su sai ta lafa. Ka duba sanarwarsu kafin ka iso. Kuɗin gada na motar kwana ya fi na ƙaramar mota, da yawan gatarin taya ake lissafi.

Injiniya Nura:
Sault ɗin ma ba sai kun kwana ba, yini ɗaya ya isa. Abin kallo shi ne ƙofofin ruwa. Superior ya fi tafkin Huron tudu da ƙafa 21, sai jirgi mai tsawon ƙafa 1,000 ɗauke da tama ya shiga wani dogon kwarami, a rufe ƙofa, a rage ruwa, ka ga jirgi kamar unguwa guda yana sauka a gabanka sannu a hankali. Dandalin kallon kyauta ne. Sadiq zai so wannan.

Maman Iman:
Yanzu bari in faɗi abin da ya fi komai gaggawa, don na ga ana ta lissafin wurare ba a taɓo shi ba. Zangon gwamnatin Mishigan ana buɗe kama wuri wata shida daidai kafin ranar shiga. Yau muna ƙarshen Janairu. Wanda ke son 1 ga Agusta, ranar 1 ga Fabrairu da safe zai zauna gaban kwamfuta, kuma filayen bakin ruwa cikin mintuna suke ƙarewa. Ka buɗe asusu a shafinsu tun yau, ka zaɓi fili uku-uku a kowane zango, ka san tsawon motarka don kowane fili da iyakarsa. Yawancinsu akwai wutar lantarki a fili amma babu famfo, a bakin shiga ake cika tanki. Motar kuma sai da takardar shiga da suke kira Recreation Passport, ta baƙi ta fi ta 'yan jiha tsada.

Na cikin Pictured Rocks, wato gandun duwatsun bakin ruwa kusa da Munising, irin su Twelvemile Beach da Hurricane River, na gwamnatin tarayya ne, suna da kyau ƙwarai amma babu wuta, babu wurin wanka. Da tsohuwa ka nemi na garin Munising mai wuta da ruwa.

Abban Sadiq:
Kai, Allah ya yi miki albarka. Wallahi ni a zatona sai Mayu zan fara neman wuri.

Abu Hanifa:
Ni kuma bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don kada ya same ka. Na yi hayar mota daga wani kamfani, ranar karɓa ina sauri, yaron da ke nuna min ya zagaya da ni cikin minti goma na sa hannu. Ban ɗauki hoto ba. Da na dawo suka nuna min wani karce a saman rufi da ban san da shi ba, suka riƙe kuɗin ajiyata kusan duka, na yi ta waya wata biyu ban samu komai ba. Ka ɗauki bidiyon motar ciki da waje, har rufi, ma'aikacinsu na tsaye. Ka sa a kunna firij, janareta, murhu da na'urar ɗumama ruwa a gabanka. Ka danna na'urar gano hayaƙi mai guba ka ji ta yi ƙara. Ka tambayi mil nawa aka ba ka a rana, nawa ne awar janareta, me inshorar ta rufe, don da yawa ba sa biyan ɓarnar rufi da ta taya.

Sai tankin banɗaki, wanda ba wanda ke son magana a kai. Tanki uku ne: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Mu masu buta da alwala sau biyar, abin da Bature zai yi kwana biyar bai cika ba mu kwana biyu ne. Ni a rana ta uku da asuba ruwan wanke-wanke ya dawo ta wurin wanka, matata na tsaye da jaririya a hannu, muka kwashe tabarmi muka yi ta tsane ƙasa da tawul. Tun daga ranar alwala a waje muke yi da buta. Wajen zubarwa ka sa safar hannu, ka tabbata tiyo ya kama da kyau, ka fara buɗe na bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyon. Kada a jefa komai a masai sai takardar da aka yi dominsa.

Ɗan Maraɗi:
Dabara ɗaya: kada ka ɗauki motar daga Kolumbus. Ku tafi da motarku har wajen Ditroit, ka karɓa a can. Ka rage wajen mil 400 na haya da mai, daga can zuwa gada kuma bai kai mil 300 ba.

Maman Iman:
Kuma ta nan ne za ku yi cefane. Dearborn da Hamtramck naman halal har sai kun zaɓa. Da zarar kun tsallake gada, ku ɗauka babu. Ni na soya nama da kaji tun a gida, na yi miyar ja mai yawa na daskarar a robobi, na yi dambun nama, na ɗauki garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Tsohuwa in ta yi kwana biyu ba tuwo, fuskarta za ta gaya maka. Abincin da suke alfahari da shi a can wani fanke ne mai nama da dankali a ciki da suke kira pasty, masu haƙar ma'adinai daga Cornwall ta Ingila suka kawo shi. Ku yi hattara, da yawa akwai naman alade ko kitsensa a ɓawon. Abin da za ku more shi ne kifi. Farin kifin Superior, sabo ko banda, ana sayarwa a ƙananan shaguna a bakin hanya. Na gasa shi da yajin ƙuli a kan gawayi, Inna ta ce tun kifin Yawuri ba ta ci irinsa ba.

Amma Abban Sadiq, magana ɗaya tsakani da Allah: in Maman Sadiq ce za ta yi girki sau uku a rana a kicin mai faɗin tabarma, da wanke-wanke, da yara, da hidimar suruka, to ita ba ta je hutu ba. Ka ɗauki gashi da shayin safe a wuyanka, Sadiq ya ɗauki wanke kwanuka.

Abban Sadiq:
Na karɓa. Tana gefena tana karantawa, ta ce a gaishe ki da kyau.

Abu Hanifa:
Malam Tukur yana nan kuwa? A yi mana bayanin salla, don rana a can ba ta faɗuwa da wuri.

Malam Tukur:
Ina nan, ina biye da ku. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya barid huɗu ne, wajen kilomita 80. Za ku yi Azahar, La'asar da Isha raka'a biyu-biyu daga barin gari. In kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, sai ku cika. Tunda kwana bibbiyu kuke yi, ƙasaru na nan. Haɗa salla biyu saboda tafiya ya halatta, sauƙi ne Allah ya yi, musamman ranar da kuke kan hanya. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. Farilla kuma a tsaya a yi ta a ƙasa ko a cikin motar tana tsaye, ba tana tafiya ba. Hajiya in tsayuwa ko sujada na wahalar da ita ta yi a zaune. Alƙibla daga can arewa maso gabas ce, kamar yadda muke yi a nan.

Injiniya Nura:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. A farkon Agusta magariba a can sai wajen tara da kwata ko tara da rabi, Isha ta haura sha ɗaya, asuba kuma kafin biyar. Ku saukar da jadawalin salla da taswira a waya tun kuna gari, don a daji sabis ɗaukewa yake. Zango kuma daga ƙarfe goma na dare ba a son hayaniya, janareta ma a kashe. In Allah ya sa sama ta yi garau, ku fito da Hajiya bakin ruwa bayan Isha. Irin taurarin da ake gani a ƙauye lokacin da babu lantarki, su za ta gani.

Ummu Salma:
Ni tambayata daban ce, kuma na san wasu na tunaninta ba su faɗa ba. Yankin nan kusan duk farare ne, ƙauyuka ne. Mata biyu da hijabi, baƙaƙe, a daji. Lafiya kuwa?

Maman Iman:
Tambaya ce mai kyau. Ba zan ce miki ba a kallonmu ba, ana kallo. Sau ɗaya a wani gidan mai wani mutum ya faɗi magana marar daɗi yana wucewa, maigida ya ce mu shiga mota, muka tafi. A kwana goma wannan kaɗai. A zango kuwa maƙwabcinmu, wani tsoho da matarsa, shi ya zo ya taya mu daidaita motar da katako da ya ga ta karkace, washegari matar ta kawo wa Inna 'ya'yan itacen da ta tsinko, Inna ta ba ta dambun nama, suka zauna a benci ɗaya ba mai jin yaren wani. Shawarata ku sauka a zangon gwamnati inda akwai ma'aikata da iyalai, ku isa da rana, kada ku kwana a gefen hanya ku kaɗai.

Injiniya Nura:
Haka ne. Shekara biyar ɗina, abin da ya fi ba ni tsoro a hanya barewa ce, ba mutum ba. Da magariba da asuba suke tsallake titi, in ka ga ɗaya to akwai na biye. Kada ka yi tuƙin dare. Akwai kuma dabbar beyar baƙa, ba ta cika kusantar mutane ba sai ta ji ƙanshi, don haka kada a bar tukunya, kifi ko shara a waje a kwana. Sa'arku Agusta ce, baƙin ƙudan nan mai cizo na Mayu da Yuni ya ragu, amma sauro na nan, a bakin rairayi kuma akwai wani ƙuda mai cizon idon sawu in iska ta taso daga kudu. Dogon wando da safa. Kullum da dare a duba jikin yara saboda kaska, tana sa cuta. Itacen wuta ku saya a inda za ku ƙona shi, kada ku ɗauko daga Ohayo, saboda wani ƙwaro da aka gano a wajen Ditroit a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma a cikin itace yake tafiya.

Hajiya Binta:
Saura nawa guda uku. Ɗaya, inshorar lafiya ta baƙo ga Hajiya kafin ta taso, a karanta a ga me ta ce kan ciwon da mutum ke da shi tun da. Babban asibitin yankin yana Marquette, daga Paradise tafiya ce mai nisa. Magungunanta na wata uku, da sunayensu a rubuce. Biyu, rigar sanyi. Ko a Agusta dare a bakin Superior kamar hunturun Zariya ne, ruwan kuma sanyinsa na kama ƙashi, yara su tsaya a gefe, in an kafa jar tuta kada kowa ya shiga, igiyar ƙasa na ja. Uku, ɗan shekara huɗun nan dole sai a kujerarsa. Yawancin kujerun teburin motar kwana bel ɗin cinya kaɗai gare su, wasu ma gefe suke kallo. Ka ɗauki kujerar yaron ka je ka gwada ta a irin motar kafin ka biya ko sisi. In ba ta ɗauru da kyau ba, uwargida ta biyo ku da ƙaramar mota da shi.

Ɗan Maraɗi:
Wannan ma ya fi. In akwai ƙaramar mota, babbar ta zauna a zango, ku riƙa yawo da ƙaramar. Ba sai kun kwance wuta kun naɗe rumfa duk lokacin da za a sayo burodi ba.

Maman Iman:
A Munising ku shiga jirgin kallon duwatsu, kusan awa biyu da rabi ne, a zaune za ta ga komai: bangon dutse mai tsayin ƙafa 200, ruwan ma'adinai ya zubo masa ja da kore da baƙi kamar an rina zane. Ku zaɓi ranar da ruwa ya kwanta, ku sa ta a ƙasa ta ciki. Miners Castle ma, wani dutsen kallo a bakin ruwa, hanyarsa gajeriya ce mai kwalta. A hanyar dawowa ku bi ta Manistique ku ga Kitch-iti-kipi. Idon ruwa ne mai zurfin ƙafa 40, garau har ƙasa, ana hawa wani faffaɗan kwale-kwale da yara ke juya masa ƙafa da hannu, kina kallon manyan kifaye da rairayi na tafasa a ƙasa inda ruwan ke ɓuɓɓugowa. A nan Inna ta yi shiru ta daɗe, sai na ji tana tasbihi a hankali, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Da muka sauka ta ce a sake komawa, muka sake bin layi.

Abban Sadiq:
Jama'a, na dawo da rahoto. Kwana huɗu ke nan ina tashi gaban kwamfuta. Alhamdu lillahi na samu Straits kwana biyu, Tahquamenon kwana biyu a ɓangaren ƙananan magangaru mai wuta, Munising kwana biyu, sai Indian Lake kusa da Manistique kwana ɗaya, mu dawo ta hanyar US-2 a bakin tafkin Mishigan. Daren farko da na ƙarshe a Dearborn wajen wani abokina. Copper Harbor da Kanada na cire. Na bakin ruwa a Straits ya kuɓuce min, na samu na layi na biyu. Motar mai ƙafa 28 ce da gado a baya, ranar Asabar zan je da kujerar Amir in gwada, kuma Maman Sadiq ta ce za ta biyo mu da tamu ko ma yaya ta kasance. Na kira Hajiya jiya na gaya mata. Ta yi ta sa albarka, sannan ta tambaya ko ruwan ana iya alwala da shi.

Malam Tukur:
Ka ce mata ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, ta yi alwalarta. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Injiniya Nura:
Amin. Amma a ɗebo mata a buta a ɗan surka da na zafi tukuna. Abban Sadiq, turo min ranar da za ku isa Munising, in duba maka lokacin jirgin yamma, shi ne rana ke haska duwatsun.